Burtu Biyu a Daji Ɗaya

Masu kallon tsuntsaye, wato mutanen da ke shiga daji da madubin hangen nesa domin su rubuta sunan abin da ba za su ci ba, suna shan wahala da burtu, babban baƙin tsuntsun nan da yawansa ke raguwa a Afirka ta Yamma. Dalili kuwa shi ne, burtu ake kiran sassaƙaƙƙen kan da maharbi ke ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe har ya cimma namun daji, saboda haka duk labarin ganin burtu sai an bincike shi kafin ya shiga littafi. Burtun da aka gani rataye da kwari da baka, ko aka ji yana tari, ba ya cikin lissafi.