Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Duk mai tsohuwar Camry ko Accord 'yar Amurka ya san fitilar nan ruwan ɗorawa mai zanen inji. Mota na tafiya lafiya lau, ita kuwa ta kafe a gaban direba kamar mai bin bashi. Sau da yawa, duk rigimar a kan tururin fetur ce. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin motoci kwamfutar da ke sa ido, kuma cikin aikinta har da gadin tururin tanki. Ana tara shi a wani gwangwanin gawayi, bawul ya buɗe, inji ya zuƙe ya ƙone.

Fitilar na kamawa, sai a garzaya gareji. Bakanike ya jona na'ura, ta nuna P0455, wato iska na tserewa da yawa. Ya girgiza kai, ya yi tsaki: "Alhaji, wannan sai an sauke tanki." Alhali wataƙila robar murfin tanki ce ta bushe ta tsage. Wanda ya san aikinsa hayaki yake hurawa cikin tiyo, ya tsaya ya ga inda zai ɓullo.

Mu ma da namu. Famfon gidan mai ya tsaya, mu ce a ƙara, har da jijjiga mota, fetur ya malala ya jiƙa gawayin. Wasu kuma baƙin salatif suke manna wa fitilar, a huta.

Kafin ka yarda a sauke tanki, malam, duba murfin, ka murɗa shi ya kama sosai, ka ba fitilar 'yan kwanaki.