Daga Gobe Mun Daina

In ana neman waɗanda suka fi kowa iya daina shan taba a Kano, kada a wahalar da kai, a zo Bompai a same mu. Mun ƙware. A cikinmu akwai mai dainawa duk daren Juma'a, akwai mai dainawa duk ranar da albashi ya ƙare, akwai kuma wanda ya daina ranar ɗaurin aurensa, ya sake dainawa ranar sunan 'yarsa ta fari, yanzu ga shi yana rantse-rantsen cewa ranar da zai aurar da ita ce ranar ƙarshe. Ba mu taɓa ƙaryata shi ba. Wa zai fara? Laifi tudu ne, kowa a kan nasa yake tsaye.

Cikin kamfani dai ba a sha, kowa ya sani, wurin da ake narka roba ake jibge auduga da kwali ba wurin wasa da ashana ba ne. Don haka da an busa tashi ko an ba da hutun cin abinci, sai ka ga an yi layi zuwa bakin gyat kamar ana rabon zakka. Ga teburin mai shayi, ga mai tireda a gefensa, ga bencin da ya san sirrin kowa. 'Yan'uwanmu na Sharaɗa da Chalawa kada su yi mana dariya, mun je mun gani, bencinsu ya fi namu tsawo.

Mu fa ba ma sayen kwali. Sayen kwali na mashaya ne, mu kuwa masu shirin dainawa ne. Kara ɗaya muke saya. Bayan shayi kara ɗaya, bayan shinkafa da wake kara ɗaya, in oga ya yi faɗa kara ɗaya, in bai yi faɗa ba a sha ɗaya don godiya. Kafin magariba an sha abin da ya kusa kwali, an kuma biya kuɗin da ya fi na kwalin, amma zuciya fes, tunda ba a ga kwali a aljihunmu ba. Abin dariyar shi ne, dokar taƙaita shan taba da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Ranar da aka faɗa wa mai tiredarmu haka, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, to shi da wa zai yi cinikin? Daga baya aka fara buga hotuna masu tayar da hankali a jikin kwalin don a tsorata mu. Ina muka ga kwalin? Yana hannun mai tireda, shi kaɗai yake kallon hoton, shi kuma ba ya sha.

Sai kuma rukunin da suka daina saye amma ba su daina sha ba. Waɗannan su ne manyan malamanmu. Da ka kunna sai ka ji mutum ya matso yana tambayar lafiyar iyali, ya mai jiki, ya aka ji da zafi, har dai ka gaji ka miƙa masa guntu. Ya zuƙa, ya lumshe ido, sannan ya yi maka nasiha cewa abin nan fa ba kyau, shi wata uku ke nan rabonsa da saye.

Ga kunya kuma, ba a magana. Dattijo mai furfura, mai jikoki, in ya hango kawunsa ko limamin unguwa tafe, sai ya dunƙule sigarin a tafin hannu ya kai bayansa, yana gaisuwa hayaƙi na fita ta wuyan riga. A koma gida a biya a sayi Tom Tom, a tauna kanumfari, a ɗora goro, a fesa turare, a shiga da sallama ana taƙama an ɓoye. Uwargida kuwa ita ke wanke rigar, ita ke ƙirga ƙananan hujojin da toka ta yi wa shaddar sallah. Ta yi shiru ne kawai don a bar kaza cikin gashinta.

Hujjoji kam muna da su buhu-buhu. Kowannenmu yana da kakan da ya sha lofe ko taba gari da kanwa har ya shekara casa'in yana zuwa gona. Ba mu taɓa ba da labarin wanda tari ya kwantar yana ɗan hamsin ba, shi wannan ajali ne. Wani ya ce hayaƙin janareta da na manyan motocin titin Haɗeja ma ai hayaƙi ne, me ya rage? Amma duk hujjar nan azumi ke tona mata asiri. Mutumin da ya rantse ba zai iya awa biyu ba tare da ya busa ba, sai ga shi yana awa 13 har 14 bakinsa a rufe, yana aiki a gaban inji, bai mutu ba. Da an kira sallah kuwa, dabino ɗaya, kurɓin ruwa, sai a neme shi a rasa. Kunu na hucewa, shi yana bayan katanga.

Ana cikin haka sai ga sigarin lantarki ya shigo gari. Da farko a hannun 'ya'yan masu kamfani muka fara ganinsa, da 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai da Sin, wani ɗan abu da za ka ɗauka biro ne, a zuƙa a fitar da gajimare mai ƙamshin kankana. Muka yi masa dariya, muka ce shishar yara ce. Ba a jima ba direban da ya fi kowa dariyar ya zo da nasa a rataye a wuya, yana cewa shi fa ya tuba.

A yi wa abin adalci, ba don wasa aka ƙirƙiro shi ba. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya fito da irin wanda ake yayi yanzu a 2003. Shi kansa gawurtaccen mashayi ne, mahaifinsa ma mashayi ne, sankarar huhu ce kuma ta yi ajalin mahaifin. Dabararsa mai sauƙi ce. Abin da ke kama mutum a taba shi ne nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan, amma mafi yawan ɓarnar daga ƙonewar ganyen take zuwa, hayaƙin da ke ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu haddasa sankara. To sai ya ce a ba mutum nikotin ɗinsa ba tare da an ƙona komai ba: batir ya ɗumama 'yar waya, waya ta mai da ruwan tururi, a zuƙi tururin. Sai dai ku ji ƙarshen labarin, don ku san ɗan'uwanmu ne. Bayan shekaru, da 'yan jarida suka tambaye shi, ya amsa cewa har yanzu yana taɓa sigarin gargajiyar, wai don gwada ɗanɗano ne saboda aiki. Wallahi da a Bompai yake, da mun matsa masa a benci.

Don mu ma haka muka yi. Aljihun dama na'ura, aljihun hagu laita, saboda tsaro. In an ɗauke wuta kwana biyu batir ya mutu, ai lalura ce, a karɓi kara ɗaya na gaggawa. In ruwan ya ƙare kuma ba a shiga gari ba, a karɓi wani. Wurin mai cajin waya yanzu za ka ga wayoyi a jere, a tsakiyarsu ga sigarin wani bawan Allah yana shan wuta, mai shi na tsaye yana jira da sigari na gaske a baki. Kuma wani abu da ba mu lura da shi ba sai daga baya: sigari yana da ƙarshe, in ya ƙone har gindi dole ka yar ka koma bakin aiki. Wannan kuwa ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Ana zuƙa a kan babur, ana zuƙa a bayi, ana zuƙa a kan gado kafin barci, wuraren da a da kunya da wari suka hana mu. Gudun gara, an tarar da zago.

Ƙamshin ma ya jawo wa wasu rigima. Shekara ashirin mutum yana shiga gida da warin taba an saba, ran nan ya shiga yana ƙamshin mangwaro da na'ana'a. Uwargida ta shinshina, ta ajiye ludayi, ta ce, "Malam, gidan wa ka biya?" Sai da ya fito da na'urar ya busa a gabanta da rantsuwa kafin a ba shi tuwo. Sirrin da ya ɓoye tun suna amarya da ango, ranar ya tona shi da hannunsa don ya wanke kansa daga laifin da ya fi shi girma.

Majalisar fatawa kuwa ta buɗe nan take, mu da ko Ahalari ba mu sauke ba. Wai tururi ne ba hayaƙi ba, to yana karya azumi? Kowa ya san amsar, ana dai tambaya ne ko Allah zai sa a dace da malami mai sauƙi. 'Yan'uwanmu 'yan Tijjaniyya, da ɗariƙarsu ta hana taba tun asali, wani ya je yana lallaɓa ko hanin bai haɗa da mai batir ba, ya dawo bai ba mu labarin yadda aka yi ba. Ba yau aka fara ba ai. Tun farkon shekarun 1600, da taba ta shigo ƙasashen nan, malamai ke ja-in-ja a kanta, har Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu yana ganin halaccinta, wasu suka ce a'a. Mu dai sunan Ahmad Baba kawai muka riƙe, na waɗanda suka haramta kuwa ya ɓace mana.

Haka muke yi wa likitoci ma. Mai na'ura ya haddace cewa hukumar lafiya ta Ingila ta ce a 2015 abin ya fi sigari sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin ɗari, bai haddace cewa masana da yawa sun yi jayayya da lissafin ba. Mai sigari kuma ya haddace cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi a kansa, Indiya ta haramta shi a 2019, a shekarar ne kuma mutane suka yi ta kwanciya asibiti a Amurka da ciwon huhu. Bai haddace cewa an gano yawancin waɗancan gurɓataccen ruwa mai haɗin wiwi suka zuƙa ba, balle ya tuna cewa tabar da ke hannunsa tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Kowa ya yanki inda ya yi masa daɗi ya bar wa ɗan'uwansa ƙashi.

Ni abin da na fi yarda da shi wani gwaji ne da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019, da mutum 886 masu son dainawa. Waɗanda aka ba sigarin lantarki, kashi 18 cikin ɗari sun cika shekara ba su koma ba. Waɗanda aka ba cingam da filastar nikotin, kusan kashi 10. Kun ga ya taimaka, kusan ninki biyu. Amma ku sake duba lissafin: cikin ɗari, fiye da 80 sun koma ruwa, kuma cikin waɗanda suka tsira ɗin, 8 cikin 10 suna nan riƙe da na'urar bayan shekara. Can ma fa da ma'aikatan lafiya suna zaunar da su suna ba su shawara mako-mako, ba mai shayi ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Kuma muna da waɗanda suka shiga birnin, kada a ce duk wasa ne. Baba maigadinmu, wanda ya fara sha tun zamanin sigari mai zobe, lokacin da kamfanin taba na Zariya ke kan ganiyarsa, yau ya fi shekara bai kunna ashana ba. Mun sa masa ido sosai, don mun so mu kama shi. Abin da ya yi bai da yawa: ranar da ya karɓi na'urar ya ba da laitarsa kyauta, ya biya mai tireda bashinsa, ya daina zama a bencinmu bayan cin abinci, ya riƙa sayen ruwa mai ƙarancin nikotin sannu a hankali. Makon farko ba mai iya gaishe shi, ko kuda ya gifta sai ya sha faɗa. Yanzu yana hawa benen ofis ba ya tsayawa a tsakiya yana yi kamar waya yake dubawa, ya ce har ɗanɗanon miyar kuka ya dawo masa. Mun taya shi murna, sannan muka koma gefe muka ce ai dama shi ba wani mashayi ba ne. Shekara arba'in fa yana sha.

Inda raha take tsayawa shi ne wajen yara. Mu tsofaffin mashaya in mun koma tururi, da babu gara ba daɗi. Amma yaron da bai taɓa kunna sigari ba, a ba shi abu mai ɗanɗanon alewa, mai shiga jakar makaranta ba a gane shi ba, mai nikotin da wani lokaci ba ka san yawansa ba don robar ko rubutun kirki babu, wannan sabon turke aka kafa masa. Ingilar da muke kafa hujja da ita, da kanta ta hana sayar da irin wanda ake sha a yar tun 1 ga Yunin 2025, saboda yara da kuma sharar batir. Mu kuwa yaron shago ya ce, "Oga, in ɗana?" sai mu miƙa masa muna dariya, mu da ko guntun sigari ba za mu yarda ya gani a hannunmu ba.

Don haka jama'ar benci, na Bompai da na Sharaɗa da na Chalawa, a zaɓi aljihu ɗaya. Wanda ya sayi na'ura ya ba da laitar, wanda yaro ya roƙa ya hana shi, wanda tari ya dame shi ya je asibiti ya bar tambayar direba. Mai tireda kuma ya ce in faɗa muku, duk mai shirin dainawa gobe ya biyo ta wajensa yau, littafin bashi ya cika.