Maƙaryatan Tsakar Gidanmu

Ban san danginmu na da maƙaryata masu yawa haka ba sai da wani ƙanena ya dawo hutu daga karatu a Ingila, ya zo mana da wasan ƙamus. Kafin nan, abin da muke yi da daren sallah in an ci an ƙoshi an ɗauke wuta bai wuce karta da gulmar waɗanda ba su zo ba.

Wasan ba shi da wuya. Mutum ɗaya zai ɗauki ƙamus ya lalubo kalmar da yake ganin ba wanda ya sani, ya faɗe ta. Kowa ya samu 'yar takarda ya rubuta ma'anar da ya ƙaga, shi kuma mai ƙamus ya rubuta ta gaskiya. A tattara a cakuɗa, ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zaɓi wadda ta kwanta masa. Wanda ya canka daidai ya ci maki 2. Wanda aka zaɓi ƙaryarsa yana da maki 1 a kan duk mutumin da ya rufta. In kowa ya sha ƙasa, mai ƙamus ya kwashe 3. Turawa sun daɗe suna yin sa a falo. BBC ta mai da shi shirin talabijin mai suna Call My Bluff a 1965, sannan a 1984 wasu 'yan Kanada biyu, Laura Robinson da Paul Toyne, suka zuba shi a kwali suka raɗa masa Balderdash, suka shiga kasuwa da shi. Mu ba mu sayi kwali ba. Muna da ƙamusun Bargery na 1934 da marigayi kawunmu ya bari, shafi sama da 1,200, kalmomi kusan 39,000, gara ta ɗan ɗanɗana bangonsa. Bayaninsa da Turanci yake, don haka mai ƙamus sai ya juya shi zuwa Hausa. In ya gaji mu koma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A wannan wasan har kwando ake cikawa. Sai dai kowa da irin shukarsa.

Akwai Malam Asalinta-Larabci. Shi bai yarda Bahaushe ya taɓa ƙirƙiro kalma da bakinsa ba. Ran da aka jefo "sungumi", ya gyara zaman hula ya rubuta cewa mutum ne mai yawan azumin nafila, daga "saumu", bakin mutane ne ya lanƙwasa ta. Mutum uku suka bi shi, don wa zai ja da mai gemu a kan azumi? Da aka bayyana cewa dogon abin nan ne da ake saran ramin shuka da shi, ko gezau bai yi ba. Ya ce ai manomi ma da yunwa yake aiki.

Wanda ya fi shi haɗari shi ne Sarkin Ciyayi. Ma'ana ɗaya ya mallaka a duniya: wata irin ciyawa ce da ke fitowa a fadama, awaki ba sa cin ta. Wani lokaci ya sauya awakin da jakuna. Abin haushin shi ne dabararsa tana ci, domin wanda ya taɓa buɗe Bargery ya san cike yake da sunayen tsirrai da kifaye da cututtukan dawaki, kamar Baturen ya bi makiyaya da masunta da alƙalami a hannu. Dare biyu yana kwashe mana maki. A dare na uku muka gane shi, muka yi masa yajin zaɓe: ko me aka karanto, muddin akwai ciyawa a ciki, ba mai ɗaga hannu. Da "ƙurungu" ta fito ya rubuta ciyawarsa, ashe kifi ne, sai ya yi fushi ya koma kifi gaba ɗaya. Can kuwa aka jefo "kyasuwa", wadda ciyawa ce ta haƙiƙa. Duk muka tsallake ta muna yi masa dariya, alhali shi a ranar kifi ya rubuta. Mai ƙamus ya share maki 3 yana yi mana godiya.

'Yar gwaggonmu kuwa ba ta iya riƙe fuska. Da an fara karanto tata sai ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Shekara biyu ba ta taɓa ruɗin kowa ba, sai yaro ɗaya da ya zaɓe ta don ta ba shi goron sallah.

Kishiyar halinta shi ne Lauyan Kansa. Shi idan an karanto tasa sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya kaɗa kai kamar mai nazari, ya ce, "Kai, wannan fa ta yi kama da gaskiya." In ba a kula ba ya ƙara, "Ni dai na taɓa jin tsofaffi suna faɗar haka." Ran da ya kai ga cewa wallahi, sai da babban yayanmu ya dakatar da wasan, aka kafa doka: a yi ƙarya iya son rai, amma ban da rantsuwa.

Babban Sakatare ma'aikacin gwamnati ne, kuma ko a kan tabarma bai ajiye ofis ba. Kowa ya gama rubutu ya miƙa, shi yana nan yana neman ƙarin takarda. Ma'anarsa tana da sashe na ɗaya da na biyu, da "sai dai kuma a wasu yankunan", da misali cikin jimla. Bai taɓa lura cewa ta gaskiya yawanci gajeriya ce, tsirara, ba ado ba. Wannan ne ma abin da ya fi ba ni mamaki a wasan: ma'anar gaskiya ita ce kullum take zuwa kamar wadda malalaci ya rubuta yana hamma, ta ƙarya kuma ta zo da babbar riga da rawani.

Taubashina ba maki yake nema ba, ni yake nema. Da aka ce "ragaya", ya rubuta cewa cuta ce da ke kama mutum in an ce a tashi a yi aiki, kuma ta fi kama wani mai tabarau da ke zaune kusa da randa. Ni kaɗai ne mai tabarau. Ragaya dai ita ce igiyar nan da ake saƙawa a rataye ƙwarya a ɗaki, amma har yau yaran gidan haka suke kirana. Kullum shi ne na ƙarshe a lissafi, kuma kullum shi ne ya fi kowa komawa gida da farin ciki.

Amaryar ƙanenmu Basakkwata ce, ita kuma da littafin kansa take faɗa. Da an karanto amsa sai ta ce, "Yaya, wagga magana ba daidai ta ba, mu can ba haka mu ka cewa ba." A ɗauko fitila a sake dubawa. Sau da yawa sai a tarar Bargery ya riga ya sa alamar cewa ga yadda Sakkwatawa ko Katsinawa ke faɗa, a rasa wanda za a ba makin, a tashi ana cacar baki tsakanin Kano da Sakkwato kamar yau aka fara.

Mai Buta ba ya musu da kowa. Da an faɗi kalma sai cikinsa ya murɗa, ya ɗauki buta ya zagaya, ya dawo ya canka daidai. Ashe ƙamusun na nan a intanet, wayarsa kuma na aljihu. Wani yaro ne ya tona shi, ya ce, "Baba, ai butar a cike ka dawo da ita."

Ni ma ba zan wanke kaina ba. In ƙamus ya zo hannuna, muryata takan yi nauyi a kan ta gaskiya kamar mai karanta labarai a rediyo, kowa ya gane. Na gwada yin nauyin a kan ta ƙarya, suka gane wannan ma.

Amma duk wanda na lissafa ɗan wasa ne. Mai kashe wasan ba ta ma cikinsa. Inna tana can gefe a kan buzunta da carbi, muna zaton ta yi nisa a lazimi. Na sha wuya na tono "abawa", na faɗe ta da alfahari, sai muka ji daga duhu, "Zare ne mai kauri." Na koma na samo "taskira". "Ɗan kwandon da ake zuba audugar kaɗi." Muka roƙe ta, ta ce ita ba da mu take ba. Daga nan muka koma raɗa kalma a kunne, kamar masu ƙulla makirci.

Daren ƙarshe na raɗa musu "zunguru". Malam ya samo mata dangi a Larabci. Sarkin Ciyayi ya dawo fadamarsa. Sakatare ya cika shafi guda a kan mutanen garin Zungeru. Ba wanda ya zaɓi ta gaskiya, na miƙa hannu zan rubuta maki 3 ɗina na farko a tarihi. Ashe wata jika ta kai rahoto. Sai ga Inna ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa, riƙe da wani dogon ƙoƙon duma da ya yi baƙi don tsufa, har yanzu da ɗan warin lalle a cikinsa. Ta kama hannun amarya ta zura shi ciki har gwiwar hannu, ta ce da shi aka yi mata ƙunshin aurenta.

Sannan ta dubi littafin da ke cinyata, ta dube ni.

"Wai wannan ɗin ne sai da kuka tambayi Bature?"

Babban yaya ya karɓi takardar lissafi daga hannuna, ya buɗe sabon layi, ya rubuta Inna, ya sa mata ukun.