Neman Kwalbar Gwamna Lugga

A kasuwar Kurmi na ɗauko wannan lalura, a rumfar wani dillalin kayan da, irin masu sayar wa Turawa tsofaffin takubba da tandu da kuɗin wuri. Takalmi na je saya. Ina cikin ciniki da maƙwabcinsa sai idona ya faɗa kan wata kwalba mai kauri, wuyanta a matse, da ɗan dutsen gilashi yana yawo a ciki. Na girgiza ta ya yi ƙara, na kife ta ya ƙi fitowa. Na tambayi kuɗinta don wasa. Da ya faɗa, sai na sa hannu biyu na mayar da ita mazauninta.

"Alhaji, kwalba ce fa. Kuma babu komai a cikinta."

"Akwai shekaru, Malam. Su ake saya."

Ya ce wani Bature ɗan Ingila, Hiram Codd, shi ya ƙirƙiro ta a 1872 don lemo mai gas. Iskar lemon ce ke tura dutsen ya toshe bakin a jikin wani zoben roba, sai ka danna shi ciki kafin ka sha. Yaran Ingila suka riƙa fasa kwalaben don su ciri dutsen su yi wasa, shi ya sa mai lafiya ta yi wuyar samu. Ya ce a Ingila da Amurka akwai magidanta masu hankalinsu, da aikin yi da iyali, waɗanda ke ƙarar da ranakun hutu suna tonon tsofaffin juji da gaɓar rafi, har da ramin masai na shekara ɗari, don neman irin waɗannan. Ya kuma koya mini sirrin sana'ar kyauta, abin da ya kamata ya sa ni zargi. Ka duba layin haɗin da ke jikin kwalba: in ya tsaya kafin baki, da hannu aka gama ta, tsohuwa ce. In ya zarce har leɓe, aikin inji ne, irin wanda Michael Owens ya fito da shi a Amurka a 1903.

Na koma gida babu takalmi, sai lissafi. Ina ne Turawa suka zauna suka ci suka sha, sannan suka tashi suka bar wurin? Lakwaja ta cika da jama'a. Kaduna gini ya danne komai. Saura Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, hedikwatar Arewa daga 1902 zuwa 1916. Shekara goma sha huɗu jami'an mulkin mallaka suna shan soda, suna kora kwinin saboda zazzaɓi, wasunsu suna kora abin da ya fi kwinin, kuma babu motar kwasar shara. Dole kwalaben nan suna wani kwazazzabo a bayan gidajensu suna jirana. Har yau ban ga inda lissafin nan ya karkace ba a kan takarda.

Uwargida ta saurare ni har ƙarshe, tana tsince shinkafa.

"Malam, wato bola jari za ka fara?"

Na ce binciken tarihi ne. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai shirin ƙara aure. Da asuba na zare rariyarta ta tankaɗe, saboda na ji an ce ana tace ƙasa don kada ƙananan abubuwa su salwanta. Na haɗa diga da shebur da buhu, na ɗauki taubashina, ɗan kawuna, saboda shi ke da mota. Sharaɗinsa guda: man mota nawa, abinci nawa, shi kuma ba zai taɓa shebur ba. Tun daga Zariya ya raɗa mini Farfesa.

Zungeru ta karɓe mu da zafin da ke jiƙa riga tun kafin mutum ya yi komai. Abin da ya rage na Turawa kaɗan ne: ginshiƙai a cikin ciyawa, da maƙabartarsu, da tashar jirgin ƙasa. Ko gadar ƙafar da Lugga ya gina a 1904 kwance ta aka yi aka kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji. Mutanen da ba su bar gada ba, ban san abin da ya sa na zaci za su bar mini kwalba ba.

Wani tsoho Banufe muka tarar a gindin mangwaro yana gyaran koma. Da ya ji harshena ya gane Bakatsine ne, fuskarsa ta washe, ya ce yau Allah ya kawo masa bawansa har gida. Na tambaye shi inda kukun Turawa ke zubar da shara a da. Ya nuna wata gaɓar rafi da haɓa.

"Me za ka yi da sharar?"

"Kwalba nake nema, Baba."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce wa taubashina, "Kai ne mai jinyarsa?"

Na fara tono. Gaskiya tarihi yana nan a jere, sai dai ba wanda na zo nema ba. A sama ledar fiya wata. Ƙasa da ita katin waya da aka kankare. Sai batir, sai kunnen silifas, sai gwangwanin madara, sai murfin tukunyar langa da tsatsa ta ci fulawarsa. A lissafina na isa zamanin Gowon ke nan, bayana kuma ya riga ya fara kai ƙara. Taubashina na kwance a inuwa yana ba da umarni: "Farfesa, ƙara ta hagu, na ga alamar Lugga ya taɓa tsayawa nan."

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, a Jihar Neja, baƙo da ya zo da mota da diga, ya shiga rafi yana tace ƙasa da rariya, abu ɗaya yake nema. Yaro ɗaya ne ya fara tsayawa a kaina. Ya tafi ya dawo da yayyensa. Kafin azahar samari sun fi ƙarfin ƙirga, kowa da digarsa, sun raba gaɓar rafin a tsakaninsu, an fara musu a kan iyaka. Na miƙe na rantse musu babu zinari, kwalba nake nema. Suka yi dariya, wani ya ce, "Haka ne, Oga, mu ma kwalbar muke nema," ya ci gaba da tono. Wata mata ta kafa kaskon awara. Mai shayi ya iso da tebur a ka. Wani mutum ya zo da fartanya a kafaɗa ya ce gonar tasa ce tun kakanni, kashi uku za a yi, biyu nasa. Taubashina, Allah ya isa, ya fara karɓar kuɗin layi.

Ana cikin haka bakin shebur ya yi ƙara a jikin gilashi.

Na durƙusa na tona da yatsu. Kwalba ce koriya, mai nauyi, lafiyayya, ko tsagewa babu. An toshe bakinta da tsumma an like da kaki. Hannuna na rawa na ɗaga ta sama, ina goge ta da gefen riga don in ga layin haɗi, jama'a suka yanyame ni. Rana ta ratsa gilashin, kowa ya ga abin da ke ciki: takarda a naɗe, ɗaure da jan zare, da allurai a soke, da wani abu mai kama da gashi.

Ban taɓa ganin taro ya watse da irin wannan sauri ba. Mai gona ya ce shi iyakar gonarsa ba ta kawo nan ba. Mai awara ta dafe ƙirji ta kurma ihu, ta ce wallahi nata ne, shekara da shekaru tana faɗa kishiyarta ta binne mata abu ba a yarda ba, ga shi Allah ya tona. Wata daga bayan taro ta ce ƙarya take, wannan na ɗanta ne da ya bar gida ya ƙi waiwaye. Suka kaure. Ni kuwa ina tsaye da kwalba a sama, na kasa yarwa na kasa riƙewa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. A haka 'yan banga suka same ni.

A zauren dagaci aka zaunar da mu a ƙasa, kwalbar a tsakiya, kowa ya ja baya da ita. Tuhuma biyu ce: ko na zo satar zinari, ko an turo ni tono asiri. Na zaɓi ta uku.

"Ranka ya daɗe, tsofaffin kwalabe nake nema, na zamanin Turawa."

"Ka yi me da su?"

"A ajiye a duba."

"Wa zai duba?"

Na yi bayanin Codd da Owens da masu tonon masai a Amurka. Ina magana ina jin yadda kowace kalma ke ƙara nutsar da ni. Wani tsohon malamin makaranta ya gyara tabarau ya ce to in gaskiya na faɗa, laifina ya fi girma, domin tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma ba a tonon kayan tarihi sai da izininta. Dagaci ya juya ga taubashina ya tambaye shi abin da ya sani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni direba ne."

Malamin ne ya ɗauki kwalbar da bakin sanda ya juya ta. Layin haɗi ya zarce tsaf har leɓe. Kwalbar lemo ce irin wadda ake mayar wa mai shago a karɓi canji.

Tsohon Banufen nan, wanda ya biyo mu don kada ya rasa ƙarshen kallo, shi ya cece ni, amma sai da ya ci fansa. Ya ce dagaci ya yi haƙuri, Bakatsine ne, ba ya cizo. Sannan ya juyo gare ni.

"Bawana, a wace ƙasa ka taɓa ganin kwalba ta yi ritaya? Bature ya sha ya ajiye, kuku ya ɗauka. Matar kuku ta zuba man ja. In ta gaji ta sayar, a zuba gyaɗa, a zuba kananzir, a zuba magani. In ta fashe a kafa ta a kan katanga saboda ɓarayi. Wadda ta tsira kuma Bida ake kai ta."

Ya ce in je unguwar Masaga in gani. Masu aikin gilashin Bida, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Masar suka zo, sun daɗe suna sayen kwalaben Turawa suna narkarwa, suna yin awarwaro da duwatsun ado, kuma masu launi sun fi tsada.

"Kwalbar Lugga kake nema? Je ka duba hannun kakarka."

Zaure ya ɗauki dariya har da 'yan banga. Hukunci ya zo da sauƙi a baki: in cike ramuka. Duka, har da na samarin, tunda ni na kawo fitinar. In biya mai gona, wanda iyakarsa ta dawo da zarar an ambaci diyya. In biya awarar da ta ƙone. Kwalbar kuma aka aika wa liman, matan biyu na biye da ita suna ci gaba da shari'a. Rariyar uwargida ban sake ganinta ba. Wani yaro ya ce ya ga ana tace ƙasa da ita a can gaba.

Taubashina bai bar gidan suna ko ɗaurin aure da bai kai labarin ba. Cikin ɗan lokaci yaran unguwa suka ji cewa Farfesa na sayen kwalba, suka fara layi a ƙofar gidana da sassafe, kowa da buhunsa. Na fito zan kore su, uwargida ta riga ni. Ta zauna a soro tana zaɓa, tana saye a araha, tana wankewa. Yanzu gyaɗa take soyawa tana ɗurawa, tana kai wa shaguna uku a bakin titi. Jiya na ce mata ko don albarkacin tunanin a riƙa ba ni wani abu.

"Ba laifi, Malam," in ji ta. "A fara cire kuɗin rariya."