Kafin Masunci Ya Sayi Inji a Fadamar Haɗejia

Ciwon son inji yakan kama masunci ne bayan damina mai albarka. Ruwa ya cika fadama a Agusta da Satumba, ya fara ja da baya, tarwaɗa da karfasa sun taru a tafkuna, banda tana ta hayaƙi dare da rana, aljihu ya yi nauyi. A daidai wannan lokaci ne wani maƙwabci zai keto ruwa a kwalekwale mai inji, hula a karkace, yana ɗaga wa jama'a hannu, shi kuwa mutuminmu yana tsaye da sandar tuƙi gumi na bin bayansa. Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ciwon ba na jin kunya ba ne, yana kuma da magani. Sai dai maganin da tsada, don haka gara a sha shi bisa ƙa'ida.

Kafin a je wurin dillali, a fara sauraron kogi, domin shi zai karɓi injin ko ya ƙi shi. Kogin Haɗejia haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa, kuma dukansu an datse su daga sama: madatsar Tiga tun 1974, ta Challawa kuwa 1992. Tun daga nan ruwan ya sake hali. Hanyoyin da a da suke bushewa ƙaƙas da rani yanzu suna samun ruwan da ake saki daga madatsun, kuma wannan danshi na shekara cur shi ciyawar kachalla ke so. Ta samu gindin zama, ta tare yashi da laka, ta toshe wasu rassan kogin a ƙasan garin Haɗejia, har ruwa ya riƙa karkata ta hanyar Marma zuwa tafkin Nguru. Bayan ambaliyar 2022 da ta jigata Auyo da Kafin Hausa da Ringim da maƙwabtansu, an shigo da manyan injunan yasa, amma wanda ke kamun kifi a ƙasar Kirikasamma ko Guri ya san gaskiyar lamarin: ruwa ne mai faɗi marar zurfi. Nan ya kai ƙirji, taku goma gaba bai wuce idon sawu ba, kuma hanyar da aka bi bara ba lallai a same ta bana ba.

To, ga mutum ya isa shago. Dillali zai dube shi sama da ƙasa, ya tsallake ƙananan injuna, ya dafa mai doki 40 ya ce, "Alhaji, wannan ne daidai da kai." Ko mai sayen bai taɓa zuwa Makka ba, a ranar Alhaji ne. A nan ake so ya tuna cewa kwalekwalen ne zai goyi injin, ba shi ba. Dogon kwalekwalen katako yana da iyakar gudun da zai yi, kuma da ya kai wannan iyaka, duk ƙarin wutar da aka ba shi sai dai ta danne gindinsa ta ɗaga hancinsa sama, ta tayar da igiyar ruwa, ta ƙone mai. Ga kwalekwalen su mai ɗaukar mutum uku ko huɗu da komarsu da kwandunan kifi, doki 15 ya wadatar, har da rara. Wanda jirginsa ke da faɗi, yana kuma haɗa su da jigilar buhunan shinkafa ko kwalayen banda zuwa bakin titi, yana iya hawa zuwa 25. Mai doki 40 inji ne na kirki, amma gidansa babban ruwa ne, irin na Yauri ko Tafkin Chadi, inda manyan jirage ke doguwar tafiya da kaya.

Akwai kuma maganar nauyi, wadda ba a tunawa da ita sai magariba. Ba wanda zai bar dukiyarsa ta kwana a bakin ruwa, don haka kullum sai an kwance inji an kai gida. Mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, ƙato ɗaya zai saɓa shi ya hau gangare. Mai 25 ya kai wajen kilo 50. Mai 40 kuwa ya haura kilo 70, wato kowace safiya da kowane yamma sai an nemi taimako, kuma ƙannen da suka yi ta rububin ɗauka a makon farko, a mako na uku da an ce "ina yaran nan?" sai a tarar duk sun tafi aike.

Sai mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma kifi bai ninka kuɗinsa sau biyar don ya taya masunci ba. Injin doki 40 mai shan gaurayen fetur da baƙin mai, idan aka ba shi wuta duka, yana zuƙe kusan lita 20 a awa guda. Mai doki 15 kuwa wajen lita 7. A lissafin jarka mai lita 25, na farkon zai ƙarar da ita cikin awa ɗaya da kwata, na biyun ya kai awa uku da rabi. Wanda ya sassauta hannu, ya tsaya a kashi biyu cikin uku na wutar, zai ga gudun bai ragu da yawa ba amma jarkar ta ƙara daɗewa. Wannan lissafi gara a yi shi a gida gaban uwargida, wadda ta fi kowa sanin abin da kwando guda ke kawowa ranar da kasuwa ta faɗi. Idan ta ce, "Maigida, man zuwa da dawowa kwando nawa ne?" aka rasa amsa, to a jinkirta cinikin.

Abin da ya fi ƙarfin doki muhimmanci a wannan yanki shi ne tsawon ƙafar inji, kuma shi ne mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙafa iri biyu aka fi samu: gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Ana so faifan nan da ke saman farfela ya yi daidai da ƙasan kwalekwale. Idan ƙafar ta yi tsawo, za ta riƙa noman laka tana tattara ciyawa. Idan ta gaza, farfela ta sha iska, injin ya yi ta kururuwa jirgi na tsaye. Don haka a auna katakon baya da tef kafin a bar gida, a rubuta a takarda, kada a dogara da "kamar kamu biyu ne". Yawancin ƙananan jiragen fadama gajera ce ta dace da su. Kwalekwalen da ke da tsini gaba da baya kuwa ba shi ma da inda za a maƙala inji, sai kafinta ya datse gindin ya kafa katako mai kauri, ya ɗaure shi da ƙusa mai noti. A kuma ɗaure injin da igiya a jikin jirgi ko da an matse maƙalan. Duk masuncin da ya taɓa nutso yana lalube a laka don neman injinsa zai ba da shaidar amfanin igiyar nan.

A ƙasar Tailan, inda su ma suke fama da ruwa marar zurfi da ciyawa, sun bi wata hanyar daban: inji a cikin jirgi, da dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshensa wanda matuƙi ke ɗagawa ya sauke yadda ya so. A yankin da kowane ƙauye ke da injin ban ruwa da wanda ya iya gyara shi, wannan dabara ta cancanci masu walda na Haɗejia su dube ta da kyau.

Game da mai shan gauraye da mai shan fetur zalla, zance bai da tsawo. Na biyun ya fi tsimin mai, hayaƙinsa da ƙararsa kaɗan ne, amma ya fi nauyi da tsada, kuma ba ya son a kwantar da shi ta kowane gefe. Na farkon, irin su Yamaha Enduro da aka ƙera don masuntan Afirka da Asiya, yana jure ruwa mai laka da hannun kanikan ƙauye. Tohatsu da Suzuki ma suna da suna mai kyau, ga kuma na Chana irin Parsun masu sauƙin kuɗi. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: idan ya tsaya ranar da kifi ke ci, wa zai gyara, kuma kwana nawa kayan gyara za su yi kafin su iso daga Kano ko Legas? Gaurayen kuma da awo ake yin sa. A yawancin irin waɗannan injuna, jarka mai lita 25 rabin litar baƙin mai take so, sabon inji kuwa lita guda a awanni goman farko, amma a duba abin da littafinsa ya ce. A nemi man da aka yi don injin ruwa, a tace fetur a mazurari mai ƙyalle, musamman wanda aka saya a kwalba bakin hanya.

Wanda zai sayi na hannu, ya tafi da kanike, ya kuma sa a cika duro da ruwa. Ba a tayar da injin jirgi a busasshe ko na ɗan lokaci, domin robar da ke jawo ruwan sanyaya shi nan take take ƙonewa. A tsoma ƙafar, a taɓa kan injin a ji yana da sanyi, don wanda aka riga aka ɗumama kafin baƙo ya iso yana ɓoye halinsa. A ja igiya a hankali: lafiyayyen inji yana turjewa, gajiyayye yana biyo hannu salin alin. Da ya tashi, ido ya koma kan fitsarinsa, wato siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga gefe. Idan yana fita da ƙarfi, madalla. Idan ɗigo ne, ko ya fito da zafin da hannu ba zai jure ba, a rage farashi ko a yi sallama. Bayan an kashe, a kwance fulogi a ga launinsa, sannan a sassauta notin ƙasan ƙafa a ɗigo man giya a tafin hannu. Mai tsabta launin zuma ne ko ya ɗan yi duhu. Idan ya fito fari-fari, ruwa ya shiga ciki, kuma gyaran ba ƙarami ba ne. A duba lambar da ke jikin maƙalin, don fenti da sitika ba su da tsada, a kuma karɓi rasit gaban shaidu.

Ruwan da ke shiga giya sau da yawa masunta ne da kansu ke jawo shi. Zaren kalli ko na mamari da ya tsinke yana naɗewa a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya yi ta cin robar da ke tare mai har ya huda ta. Cire farfela sau ɗaya a mako a warware zaren aikin minti goma ne. Kachalla kuwa ba a yi mata ƙarfi. Da an ji injin ya canza murya, a rage wuta, a kashe, a ɗaga ƙafa, a cire abin da ya toshe ramukan shan ruwa, a ɗauki sanda a tura har a fita fili. Sandar nan ba ta yin ritaya don an sayi inji, kuma wanda ya bar ta a gida don kada a ce bai waye ba, zai dawo da dare yana tuƙi da murfin kula.

Sabon mai inji ya kuma je ya gai da sarkin ruwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na kawo baƙo cikin ruwa, ina ne ba a bi?" Fadama cike take da kallin mutane da gurarsu, ga masu koma da ke kwance a kan gora suna shawagi, waɗanda igiyar ruwa ɗaya za ta kifar. Farfela tana yanke ragar wani cikin ƙiftawar ido, shari'ar kuwa ta kai wata.

A nan raha ta tsaya kaɗan. Inji yana ƙara gudu, ba ya ƙara wa kwalekwale ƙarfin ɗaukar kaya ko kilo ɗaya. Lokacin ambaliya, sa'ad da hanyoyi suka yanke, mai inji zai ga mutane sun yi masa caa, kowa na roƙon a taimaka a tsallakar da shi, kuma kunyar cewa "ya cika" ta sha halaka bayin Allah. A ƙarshen Nuwamban 2021, a madatsar Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, jirgi ya kife da fasinjoji, aka rasa rayuka sama da 20, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa. A sa rigunan cikin kasafi tun ranar farko. Igiyar nan ja mai kashe inji kuma a ɗaura ta a hannu, domin idan matuƙi ya faɗa ruwa ita kaɗai za ta hana jirgin zagayowa ya sare shi.

Idan ruwa ya janye aka koma noman rani, kada a jefar da injin a zaure haka nan. A zare tiyon mai a bar shi ya ci abin da ya rage a kafireta har ya mutu da kansa cikin duron ruwa mai tsabta, a sake man giya, a jingine shi a tsaye a kan katako, a rufe da buhu saboda ƙurar hunturu. A kuma toshe ramin fitsarin da ɗan tsinke, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki, kuma kanikawa da yawa sun karɓi kuɗin babban gyara a farkon damina alhali ƙwallon laka ɗaya kawai suka zaro da waya.