Masu Toshe Bakin Birki

Birki ba ya cin amana. Kafin ya ƙwace sai ya yi ta kai kuka: ya yi ƙara, ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, ya riƙa fizgar mota gefe guda, mansa ya dinga raguwa. Amma abin da ake kira gyaran gida, tun daga Kwanar Dangora har Doguwa, galibinsa dabarun hana birki magana ne, kuma kowane gwani da irin tasa.

Mafi sauƙin kansu shi ne Mai Rediyo. Fad ɗin birki da yawa akwai wani ɗan ƙarfe da aka maƙala musu da gangan, don in sun cinye saura milimita 2 ko 3 ya riƙa gogar faifai yana tsuwa. Wato kamfani ne da kansa ya sa kukan. Malam kuwa da ya ji, sai ya ƙara murya, labaran duniya su danne na mota. Ba a jima ba ƙarfe ya hau ƙarfe, wanda ya ƙi sayen fad ya koma sayen fad da faifai. Maƙwabcinsa Mai Famfo ya fi shi wahala, don in zai sauke fasinja a Tudun Wada, tun daga Kwanar Dangora ƙafarsa ta dama take rawa. Yana alfahari da cewa ba wanda ya san hannun motar sai shi. Alhali ko dai iska ce ta shiga bututu, ko robar masta ta gaji. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa takun farko yake tafiya a banza.

Sarkinsu duka shi ne Mai Omo. Da ya buɗe bonet ya ga man birki ya yi ƙasa, bai tsaya tambayar ina ya tafi ba, ko da yake hanyar man a rufe take, ba ya raguwa sai in fad ya cinye ko wani wuri yana yoyo. Sai ya dama Omo a roba ya ɗura, ya taka, ya ji tauri, ya dubi jama'a yana murmushi. Taurin gaskiya ne, kuma nan tarkon yake, domin ruwa ma ba ya matsuwa muddin yana da sanyi. Sai dai ruwa yana tafasa a digiri 100, sabon man DOT 3 kuwa sai ya kai 205, DOT 4 kuma 230. Ko man gasken ma yana tsotsar danshi, ya sauko zuwa wajen 140, dalilin da ya sa ake son a canza shi duk bayan shekara 2. To a ɗora wa J5 buhunan masara, a biyo da ita gangaren Riruwai ana take da birki. Ƙafafun su ɗauki zafi, ruwan ya zama tururi, feda ta nutse har ƙasa. Ƙaninsa Mai Baƙin Mai yana ganin ya fi shi ilimi, tunda shi mai ya zuba ba ruwa ba. Man inji kumbura robobin birki yake yi, ba wanda ya tsira a cikinsu.

Akwai kuma Mai Ƙusa, wanda in ƙafa ɗaya tana yoyo sai ya toshe bututunta, motar ta koma tsayawa da ƙafa uku tana waiwayen gonar mutane. Sai Ɗalibin YouTube, da waya jingine a kan taya, jak a kan rairayi. Shi kam ya kusa gaskiya, matsalarsa bidiyon yakan ƙare, ko data ta ƙare, kafin a gaya masa cewa bayan sa sabon fad sai an taka feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa. Katangar gidansu ce take ƙarasa masa darasin.

Za a ce talauci ne, kuma kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da nisa ga mutumin Doguwa. Babu musu. Amma duba birki kyauta ne: a leƙa mazubin mai, a duba bayan taya ko akwai jiƙa, a taka feda a riƙe a ga ko tana sulalewa. Kwalbar man birki kuma ba ta kai kuɗin buhu guda daga cikin kayan da aka ɗauko ba. Za a ce wasu kanikawa ma Omon suke zubawa su karɓi kuɗin mai. Wannan hujja ce ta mai mota ya sayo mai da hannunsa, ya tsaya a kai, har ma shi zai taka feda lokacin da ake cire iska, tunda aikin na mutum biyu ne. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wanda ya shekara goma yana haka ba abin da ya same shi. A tambaye shi hanyarsa. Tsakanin Bebeji da Kiru ƙasa a shimfiɗe take, birki ba ya gumi, sai dabara ta yi ta cin suna. Dajin Falgore da duwatsun kudu ba su san wannan rangwamen ba, kuma waɗanda dabarar ta ci ba sa zuwa majalisa ba da shaida.

Wanda ya fi kowa sanin lafiyar birki a tasha kuwa yaron mota ne. In ka ga tun mota ba ta gama tsayawa ba ya diro da weji a hannu yana bin taya da gudu, to shi ne birkin, kuma da kuɗin abinci kawai ake biyansa.