Mutanen da "Went" Ta Wahalar

Duk malamin Turancin da ya koyar a sakandaren ƙauye tsakanin Bichi, Kunci da Ɗambatta ya san ranar darasin shuɗaɗɗen lokaci ake gane halin ɗalibai. A Hausa wakilin suna ke ɗaukar lokaci: ya sha, zai sha, "sha" tana nan yadda take. Bature kuwa aikatau ɗin yake murɗewa.

Akwai Sarkin Adalci. Tunda aka ce masa a liƙa "-ed", kowa sai ya samu rabonsa: "goed", "buyed", "eated". A yi masa uzuri, domin aikatau wajen 200 ne suka yi wa dokar tawaye, kuma su ne na bakin kowa kullum. Ita "went" ma ba 'yar gidan "go" ba ce, daga wani tsohon aikatau, "wend", aka aro ta.

Gwanin Hadda ya wuce nan. Ya sha karatun allo, don haka "go, went, gone" yana rangaji yake zubo su har ƙarshen shafi, ba gargada. Amma a tambaye shi ina ya je jiya, sai ka ji "Yesterday I go market." A ganinsa tunda ya ce "yesterday" ai magana ta ƙare, me kuma ake nema?

Maƙwabcinsa a benci tsoron ragi yake yi. "Did you went?" in ji shi, kamar manomin da ya zuba taki sau biyu a gindin dawa ɗaya. An sha gaya masa "did" ta riga ta ɗauke nauyin, bai yarda da ita ba.

Ɗan cirani ya yi rani a Legas, ya dawo da "I don sell am". A Broka ba kuskure ba ne, sai dai masu duba takardun WAEC da NECO ba su san da wannan zance ba, ga shi sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a.

Mai Ladabi ne abin tausayi. Malam ya ce, "Kun gane?" da Turanci, shi kuma ya miƙe: "Yes sir, I understood." Daga "na gane" ya ɗauko ta. Haka in an ba shi aron biro, "I thanked you."

Can bayan aji kuma akwai wani shiru-shiru da ya gano cewa "cut", "put", "shut" da "hit" ba sa sauya kama, jiya da yau duk ɗaya. Aka ce a rubuta labarin kaka. Ya yanke gero da "cut", ya zuba a rumbu da "put", ya rufe da "shut", sannan ba gaira ba dalili ya "hit" jakin babansa. Malam ya bi layi-layi da jan biro, bai samu inda zai ɗiga ba.